Jirgin da Ba Ya Hayaƙi

"Ka ce ƙarya ka yi."

Haka na faɗa masa daga bayan labulen zaurenmu, cikin haushi.

Ta ƙasan labule ina hango ƙafafun Issoufou, ya haɗe su wuri guda kamar ɗalibi a gaban malami. Kakata Iya Hure na zaune a kan tabarma tsakanina da shi, tana tsintar shinkafa a faifai, wai ita ba ta jin komai. Alhali duk unguwarmu ta Utaibiyya babu mai kunnenta.

"Ramla... to ai ba ƙarya na yi ba."

"Ni na ce maka ka yi? Cewa na yi ka faɗa kawai. Kalma ce fa, ba dutsen Arfa aka ce ka ɗauka ba."

Wallahi da hannuna zai kai gare shi da na jijjiga shi. Aurenmu ne ke neman rushewa, shi kuwa bawan Allah yana zaune yana kare mutuncin wani jirgi da bai san da zamansa a duniya ba.

Bari in koma baya, kada ku ce ni ce marar haƙuri.

Ni ce Ramlatu, 'yar Malam Kabo mai sayar da tasbaha da turare a hanyar Harami. A nan Makka aka haife ni, amma Baba a ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina. Issoufou maƙwabcinmu ne, iyayensa mutanen Damagaram ne da suka biyo ta Chadi. Direba ne a wurin wani tsohon attajiri na Jidda. Tun ina ɗebo ruwa a famfon unguwa nake ganinsa, shi ma yake ganina, kowa yana yin kamar bai ga kowa ba. Da magana ta yi magana, manyansa suka kawo gaisuwa, Baba ya karɓa, aka ce da zarar alhazai sun watse za a sa rana.

Sai ciwo ya kama maigidansa. Likitoci suka ce sai birnin Paris, can ƙasar Faransa. Da yake Issoufou ya ɗan taɓa bokon Faransanci a Chadi yana yaro, aka ce shi zai raka shi.

Mutane suna dawowa daga tafiya da agogo, da rediyo, da turare. Nawa masoyin da labari ya dawo.

Ranar da ya sauka, da yamma, maza suka zagaye shi a shagon gahawar unguwa, aka ce ya faɗi abin da ya fi ba shi mamaki. Da ya ce sanyi, ko dogayen gidaje, da an sha shayi an tashi lafiya. Ina! Sai ya ce akwai jirgin ƙasa da ke tafiya a ƙarƙashin gari. A cikin rami. Ƙarƙashin gidaje da kasuwanni, har ƙarƙashin kogi, kuma shi da kansa ya shiga.

Aka ce har mai gahawa sai da ya ajiye butarsa ya yi dariya.

A nan Zali ya sami abin da yake nema. Zali ɗan ƙanwar Baba ne, yana yi wa wani muɗawwifi, wato mai masaukin alhazai, aikin jagorantar baƙinsa. Ya taɓa nuna yana sona na ce masa ya rufa mini asiri, tun daga nan yake fama da ciwon abin. Kullum la'asar sai ya saya wa Issoufou shayi, ya matso kusa da shi yana cewa ya shehi, a ƙara mana labarin nan. Shi kuwa da zuciya ɗaya sai ya gyara zama. Kafin labarin ya iso gidanmu Zali ya zuba masa gishiri da barkono: wai Issoufou ya ce kifaye na leƙo shi ta taga, wai aljannu ne ke sayar da tikiti. Mutumin da ke yawo da alhazan duniya, ko ya san gaskiyar jirgin ko bai sani ba, wannan tsakaninsa da Allah. Ni dai na san kafin wata ya ƙare, duk unguwa ta koma kiran wanda zan aura Issoufou Gafiya.

Ni ce kuma aka mayar matar Gafiya tun kafin a ɗaura.

Kada ku ɗauka Baba duhun kai ne ya sa ya ƙi yarda. Da haka ne da da sauƙi. A hanyarsa ta zuwa Makka ya yi shekaru yana aikin jirgin ƙasa a Sudan, shi ne mai zuba wa injin gawayi, har yau tabon ƙuna na nan a damtsensa. In ana maganar jirgi, Baba ba ya karɓar gyara daga bakin kowa.

Ya sa aka kira Issoufou, ya tambaye shi a natse, in jirgin a rami yake, ina hayaƙinsa ke fita? Issoufou ya ce ba ya hayaƙi. Wa ke zuba masa gawayi? Ya ce babu gawayi, da lantarki yake tafiya. Baba ya ɗaga kai ya dubi ɗan ƙwan lantarkin da ke reto a zaurenmu, wanda ko zaren allura ba ka iya sawa a ƙarƙashinsa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce ya tashi ya tafi.

Da ya shigo gida bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ya ce zai iya ba talaka 'yarsa, zai iya ba gurgu, amma ban da maƙaryaci, domin mai yi maka ƙarya a kan abin da ba zai ƙare shi da komai ba, me zai yi ranar da ƙarya za ta fisshe shi? Attajirin da zai iya ba da shaida kuwa Allah ya yi masa rasuwa ba a daɗe da dawowarsu ba. Kawunnan Issoufou suka yi ta sintiri, da ƙyar Baba ya sassauta. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar a tara dattawa, yaron ya tashi ya ce zaƙin baki ne na ƙuruciya, ya tuba, halas, magana ta wuce. In ya ƙi, a zo a kwashe kayan gaisuwa.

To kun ji abin da ya kawo ni bayan labule ina roƙon namiji ya yi wa kansa sharri.

"Don girman Allah, Yaya Issoufou," na ce, na sassauta murya. "Jirgin nan zai dafa maka abinci? In ka kwanta ciwo shi zai zauna a kanka? Yana can yana harkarsa, ni ce a nan."

"Na sani, hasken idona."

"Kada ka hasken-idona ni. Ka amsa mini."

Ya ja numfashi. Sai ya yi mini tambayar da nake ta gudu tun da aka fara.

"Ke fa, Ramla? Kin yarda da ni?"

Gaskiya ita ce ban yarda ba. Ina sonsa kamar raina, amma a zuciyata na riga na yanke cewa wani dogon gini mai duhu aka shiga da shi, ƙauyanci ya sa ya ɗauka rami ne. Shirun da na yi ya isar masa da saƙo. Na ga ƙafafunsa sun ja baya kaɗan.

Iya Hure ta ajiye faifai. Ta ce ita fa ta gaji da jin labarin nan daga bakin Zali, tunda ga mai kaya ga kaya, ya kwance ta gani.

Na yi tsaki a raina. Wato ko a ranar da nake neman kashe labarin, sai an sake ba ni shi.

Ya fara a hankali. Ya ce a gefen titi za ka ga matakala ta nufi ƙasa, kamar bakin rijiya mai faɗi, mutane na ta gangarawa babu mai ko bismillah. Kana sauka hasken rana zai yanke, sai fitilu. Bango duk farar tangaran ce mai sheƙi, har saman da ya lanƙwaso a kanka, an manna manyan hotuna na sabulu da na mata marasa mayafi, shi dai ƙasa ya riƙa kallo. Akwai wari, ya ce, na ƙarfe mai zafi da taba da jiƙaƙƙun riguna, wanda har yau in ya tuna sai ya ji shi a maƙogwaro. Wata mata na zaune a ɗan keji tana huda tikitin kowa da wani abu kamar almakashi, ba ta duban fuskar kowa.

Kafin jirgin ya iso, iska ce ke fara zuwa. Iska mai ɗumi, daga cikin baƙin rami, ta kaɗa maka riga. Sai ƙasa ta ɗauki rawa a tafin ƙafarka. Sai ido biyu na wuta. Sai ga shi ya fito da ƙara, taragai koraye, guda ɗaya ja a tsakiya na masu hali.

A ciki, ya ce, an matse kamar ɗawafin ranar Idi, amma babu mai yi wa wani sallama. Kafaɗarka a jikin ta mutum, numfashinsa a wuyanka, shi kuwa ya kafa ido a jarida kamar ba ka nan. In ka leƙa taga babu gari, babu sama, babu ko bishiya. Baƙi ƙirin, sai fuskarka kawai ke kallonka.

Ban san lokacin da na matso jikin labule ba.

Sai ya tsaya. Ya ce akwai sauran da bai taɓa faɗa wa maza a gahawa ba.

A bakin inda ake jiran jirgi akwai wata ƙofar ƙarfe da ke rufe kanta da zarar jirgi ya iso, don kada a yi rububi. Ranar farko maigidansa ya wuce, shi ya tsaya gyara jakar magunguna, ƙofar ta rufe a tsakaninsu. Yana ji yana gani tsoho marar lafiya ya shige jirgi, rami ya haɗiye shi. Ya faɗa na bayansa a guje, ashe akwai inda hanya ke rabuwa. Ya sauka, ya hau wani, ya sake sauka. Duk tashoshin kamarsu ɗaya. Ɗan Faransancin da yake taƙama da shi ya gudu ya bar shi.

"Ban san gabas ba, Iya. Ni da na tashi ina buɗe ido in ga Harami. Ban san ko azahar ta yi ba, ko la'asar ta wuce. Na ce shi ke nan, an binne ni da raina, kuma na yar da amanar da aka ba ni. Na zauna a kan benci na yi kuka. Kuka sosai, da majina."

Wata tsohuwar Baturiya ce, ya ce, mai ɗauke da kwandon albasa, ta tsaya a kansa. Ya nuna mata sunan masaukinsu, ta kama hannun rigarsa ta ja shi kamar ɗan yaye, jirgi biyu suka canza, har ta fito da shi sama. Ya tarar da maigidan nasa ya daɗe da isa, yana shan shayi, ya ma ɗauka yawon kallon gari ya tafi.



Can Issoufou ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ɗayyib, shi ke nan. Ranar Juma'a zan faɗa. Zan ce ƙarya na yi. Ba zan iya rasa ki ba, Ramlatuna."

Ya yi sallama ya fita.

Abin da na roƙa ke nan, ko ba haka ba? To me ya sa ban yi murna ba? Na juya ina neman wanda zan sauke wa haushi, sai Iya Hure ta ɗauki faifanta, ta ce ita ta yi zamani da maƙaryata iri-iri, daga Kano har Sawakin ta Sudan, kuma kowannensu shi ne jarumin labarinsa. Ba ta taɓa jin wanda ya ƙagi labari ya sa wa kansa majina a ciki ba, balle a gaban yarinyar da yake so.

Na ce mata ni dai a ƙyale ni. Kwanakin da suka rage na ƙona miya, na fasa kofin shayin Baba, na yi faɗa da kowa har da kyanwa.

Juma'a ta zo. Aka shimfiɗa darduma a zaure, liman na unguwa ya zauna a tsakiya, kawunnan Issoufou a gefe guda, Baba a ɗaya gefen. Zali ya sha farar riga, ƙamshin turarensa har cikin gida, shi ke zuba wa dattawa shayi yana wani sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Mu mata muna bayan labule. Wannan karon na sami 'yar kafa a gefe, ina ganin komai.

Liman ya yi addu'a, ya ce Issoufou ya tashi ya faɗi abin da ke bakinsa.

Ya tashi. Ya dubi ƙasa, ya dubi rufi. Zufa ta karyo masa har tana ɗiga daga haɓa.

"Ni... abin da na faɗa... game da jirgin nan..."

Ya tsaya. Zali ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Ƙarasa mana, ya shehi, ai tuba ba abin kunya ba ne."

"Wato... ban... ba haka... jirgin dai..."

Ya Rabbi. Mutumin da in yana ba da labarin ramin nan harshensa ke gudu kamar ruwa, ga shi ya kasa haɗa kalma huɗu. Ya kama gefen rigarsa ya murɗe. Na dubi fuskarsa na ga abin da nake shirin aura: mutumin da na karya da hannuna, wanda zai riƙa sunkuyar da kai a unguwa har ya mutu, kuma duk safiya in ya dube ni zai tuna ni ce na sa shi.

Haushin kaina ya turnuƙe ni, ya fi na kowa.

"Kada ka faɗa!"

Ni ce. Muryata ce ta fita, a gaban liman, a gaban dattawa, a gidan da mace ba ta ko tari in maza na zaure. Innata ta dafe ƙirji tana salati. Iya Hure kuwa ko gezau.

Baba bai juyo ba. Ya ce, "Wace ce wannan?"

"Ni ce, Baba. Ka gafarce ni."

"Ya binti, 'yata, kin ga jirgin nan da idonki?"

"Ban gani ba."

"To a kan me kike magana?"

Baki dai ya riga ya buɗe.

"Jirgi ban san shi ba, Baba, shi na sani. Ni na roƙe shi ya zo ya yi ƙarya yau don a ba shi ni. Ya yarda saboda ni. Ga shi nan kana gani, ko da aurensa zai rushe, bai iya ba. In za a fasa a fasa, amma kada a sa shi ya faɗi abin da bai yi ba."

Na fashe da kuka, na takaici, ba na tausayi ba.

Zali ya fara cewa ai wannan rashin kunya ne, Kawu, yarinya ta... Baba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba, ya ce shayi aka sa shi zubawa.

Sannan ya kafa wa Issoufou ido. Ya daɗe. Baba ya yi rabin rayuwarsa a bakin kanti, yana kallon fuskar mai cewa wallahi a can an bar masa a rabin kuɗi. Ya ce masa ya ɗago kai. Ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, a wannan gari mai alfarma, ya shiga jirgi a ƙarƙashin ƙasa?

"Na shiga, Baba."

Babu rawar murya, babu in-ina. Zufar ma kamar ta tsaya.

Baba ya shafa gemu, ya girgiza kai, ya juya wajen liman.

"Malam, jirgi dai babu shi. Wannan na sani, aikina ne. Amma yaron nan ba maƙaryaci ba ne, ƙaryar ma bai iya ta ba. Yadda aka yi biyun suka haɗu, Allah ne masani. A sa rana."

Ni kuwa ban tsira ba. Sai da na yi mako Baba bai amsa gaisuwata da baki ba, saboda muryar da na ɗaga a zaurensa.

An ɗaura aurenmu bayan alhazai sun watse. Zali bai zo ba, wai aiki ya riƙe shi a Mina, a lokacin da babu ko tanti ɗaya a tsaye. Sunan Gafiya bai bar Issoufou ba, kuma kada ku ɗauka ya daina ba da labarin. Duk baƙon da ya taka gidanmu sai an gangara da shi ramin nan, ina daga kicin ina cizon leɓe, har na haddace inda iska mai ɗumi ke fitowa.

Baba har ya koma ga Allah bai yarda da jirgin ba. Ko an kawo zancen sai ya ce abadan, ya juya kai.

Amma da ciwon ajali ya kwantar da shi, likita ya gama dubawa ya fita waje da maza, suka dawo kowa na murmushi yana cewa da sauƙi, sauƙi na nan tafe. Baba ya bi fuskokin 'ya'yansa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce duk su fita.

"Ku turo mini Issoufou," ya ce. "Shi zai gaya mini abin da likita ya faɗa."